Shekarar da Na Zama Bakin Babanku

Kun girma kuna jin cewa babanku ne ya raba ni da Yaya Ɗanjuma. A gidan suna kuka ji, a gidan biki kuka ji, kuma da yake ban taɓa buɗe baki na musa ba, sai kuka ɗauka haka zancen yake. Yanzu su biyun duk suna ƙasa, Allah Ya jiƙansu, ni ma idona ya fara gajiya da rubutu. Ba na so in bi su in bar ku da labarin da aka karkatar. Zan faɗa muku abin da ya faru a shekarar da babanku ya faɗi, yadda na gan shi, tun da a tsakiyarsa nake.

Sai na fara da tsofaffin kuɗin nan, don su ne mafarin komai. Babanku, Malam Isiyaku, akawu ne a baitulmali. Kuɗin gwamnati na wucewa ta hannunsa daga safe zuwa tashi, ba su taɓa ɗaɗa shi da ƙasa ba. Waɗanda suka shiga ransa su ne waɗanda aka daina kashewa: anini mai huji, dari, kobo, taro, sisi, sule, fataka. Yakan bi maƙeran azurfa na cikin gari ya saye su kafin a narka a yi awarwaro. Yakan bi tsofaffin da suka ƙulle su a tsumma tun zamanin canji suka manta. Kowanne ya samu sai ya naɗe shi a auduga ya jera a gwangwanin alewa. Ni ina koyarwa a firamare, albashinmu biyu da ƙyar yake kai mu ƙarshen wata, saboda haka ba kullum nake fara'a ba in ya shigo yana murmushi da kobo mai huji a tafin hannu maimakon kifin miya. Amma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. A hankali na san cewa tsohon kuɗi ba a wanke shi, ba a dirje shi da toka, ba a kama shi ta fuska sai ta gefe, kuma biyu na iya zama iri ɗaya a idona alhali ɗaya ya ninka ɗaya nesa ba kusa ba.

Abokinsa a wannan harka shi ne Bitrus, mutumin ƙasar Bogoro, teburinsu na jere a ofis. Duk Asabar bayan la'asar zai zo a kan babur ɗinsa, su shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, su yi ta miƙa wa juna gilashin ƙara girma suna gardama kan wata 'yar alama da ba ta kai ƙwayar gero ba. Tarin babanku ya fi na Bitrus yawa, amma Bitrus yana da guda huɗu da suka fi duk abin da ke cikin gwangwanayenmu. Mahaifinsa ya yi wa wani Baturen baitulmali kuku, da Baturen zai koma ƙasarsu ya ba shi su a wani ɗan akwati. Tsohon bai kashe ba, bai ma taɓa su ba, ya jefa a ƙasan adaka. Daga baya wani ɗan uwan Bitrus da ke karatu a Ingila ya kai su wurin masanan da ke tantance irin waɗannan abubuwa, suka dawo kowanne a liƙe cikin wata 'yar roba mai ƙarfi, garai-garai, da lamba a goshinta. Ranar da Bitrus ya kawo su, babanku ya kira ni daga madafa, abin da bai saba yi ba.

"Zainabu, zo ki ga abin da ba za ki sake gani ba," in ji shi. "Waɗannan ba na kashewa ba ne, samfur ne. Kafin a buga na jama'a ake buga 'yan kaɗan a natse, a kan ƙarfen da aka goge, don a nuna wa manya. Dubi bayan itacen nan na jikin sulen, kin ga fuskarki? Hannun mutum bai taɓa sauka a kansa ba. Robar nan da lambar su ne shaidarsa. Ranar da aka fasa ta, sai an sake neman mai rantsuwa a kansa."

Na ce, "To nawa ne kuɗinsu?"

Bitrus ya yi dariya ya ce, "Maman Hadiza, in na ji kuɗinsu zan daina barci. Mijinki ya sani, na ce ya riƙe a cikinsa."

A farkon daminar shekarar da nake ba ku labari Bitrus ya rasu, bayan gajeriyar jinya. Babanku ya je har ƙauyensu aka binne shi, ya dawo ba ya son magana. Ba a daɗe ba, wata safiya yana alwala sai na ji buta ta faɗi. Na fito na same shi a kwance gefen rariya, ɓarinsa na dama ya saki, bakinsa ya karkace. Ya rayu, amma hannun da ƙafar ba su dawo ba, harshen ma ya yi nauyi. In ya yi magana mutane suna jin gurnani ne kawai, sai su gyaɗa kai don kunya su ce Allah Ya ƙara sauƙi. Ni kaɗai nake gane shi. Ba wata baiwa ba ce, na san abin da yake so tun kafin ya faɗa, sai in haɗa da ɗan abin da ya fito. Haka na zama bakinsa. Likita ni yake kallo in ya yi masa tambaya, masu dubiya ni suke kallo, har mutanen ofis da suka zo batun ajiye aikinsa.

A nan dole in yi wa kawunku adalci. Yaya Ɗanjuma shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya sa ni makaranta, shi ya aurar da ni. Gidan da muke zaune a Gwallameji nasa ne, ya gina don haya ya ce mu shiga, bai taɓa karɓar ko sisi ba. Da babanku ya faɗi, shi ya ɗauke shi a motarsa zuwa asibiti, shi ya tsaya kan magani, shi ya samo wani ma'aikacin jinya mai zuwa gida yana yi masa gashi da motsa gaɓoɓi. Da wannan gashin babanku ya fara iya zama da kansa, har yatsun ƙafar suka fara motsi. Ban san cewa a wannan lokacin shi kansa Yaya yana cikin ruwa ba. Ya tara wake mai yawa a sito yana jiran tsada, ƙwari suka shiga, farashi kuma ya faɗi. Yana fitowa da babbar riga kamar kullum, ciki kuwa ya rube.

Ana cikin haka Saratu, matar Bitrus, ta zo da ɗan akwatin a ƙulle cikin ɗankwali. Tela ce a Yelwa, a gidan haya take da 'ya'yanta, mai gidan kuma ya fara yi mata zancen tashi. Ta durƙusa ta gaishe da babanku, ta kwance ƙullin a gabansa. Tun da ya kwanta ban ga idonsa ya yi haske irin na ranar ba.

"Baban Hadiza," ta ce, "abokinka ya ce kada in sayar sai na ji daga bakinka. Wani mutum ya zo daga Kano yana nema, ya ce zai ba ni abin da zan sayi keken ɗinki sabo. Ni ban san kan abin nan ba. Ka faɗa min gaskiyarsa, in na keke ne in karɓa in gode wa Allah."

Babanku ya yi ƙoƙarin magana, numfashi ya sarƙe shi, sai tari. Na ce mata yau jikin ba daɗi, ta dawo Asabar da ƙanin mijinta Markus, a zauna a gaban shaida, shi ma mai sayen ya zo in yana so. Ta ɗaure kayanta ta tafi.

Kafin Asabar ɗin Yaya ya aiko in same shi a kasuwar Muda Lawal. Bai saba kirana kasuwa ba. Na same shi a can cikin rumfa, bayan buhunan masara, ya sallami yaransa. Ya tambayi mai jiki, ya tambayi yara, ya yi ta juya carbi. Sannan ya ce mutumin Kanon nan ya zo wurinsa, don an gaya masa shi surukin Malam ne, kuma ya nuna masa abin da irin waɗannan kuɗin ke kaiwa in an fitar da su waje. Sun yi magana cewa Yaya zai shiga cinikin, a raba riba.

"Matar nan ba ta san komai ba, Auta," in ji shi. Haka yake kirana tun ina ƙarama. "Keke take so, za a ba ta keke, har da ƙari. Ciniki ne da yardar juna, ba sata ba ce. Abu ɗaya ya rage, ta ce sai abin da mijinki ya faɗa. Mijinki kuwa ba mai jin abin da yake faɗa sai ke."

Na ce, "Yaya, so kake in sa masa maganar da bai yi ba?"

"So nake ki yi tunani. Kin san abin da gashin nan ke ci duk mako? Kin san wakena ya zama gari? Ban gaya wa kowa ba, ke nake gaya wa. In wannan bai yiwu ba, ban san da me zan ci gaba ba. Ba aljihuna nake nema wa ba. Ƙafar mijinki nake nema wa."

Ya buɗe wani buhu da ke gefensa ya damƙo waken ya nuna min. Duk huji ne, ƙwarin na bin yatsunsa. Da ya yi min tsawa ne da abin ya zo min da sauƙi. Roƙona ya yi, mutumin da ban taɓa jin ya roƙi kowa ba. Na ce masa zan yi tunani, na fito rana na dukana ban ma ji ba.

Kwanakin da suka biyo baya ban san yadda na koyar da 'yan ajina ba. Ina rubutu a allo, ina jin muryar Yaya. Kada ku ɗauka na dawo gida da zuciya ɗaya. Na auna maganarsa, kuma ta yi nauyi. Na ce a raina Saratu ba za ta taɓa sani ba, za ta tafi da kekenta tana sa mana albarka. Na ce ai wanda bai san yana da abu ba bai yi asararsa ba. Ina kallon mai gashi yana lanƙwasa gwiwar babanku, yana cewa in aka dage zai taka kafin sallah, sai in ji kamar an riga an yanke hukuncin. Ban gaya wa babanku komai ba, ina tsoron hawan jininsa. Amma wata rana ina ba shi kunu da rana sai na tambaye shi, kamar da wasa, ko nawa kuɗin Bitrus za su yi. Ya ture cokalin, ya tattara ƙarfinsa, ya fitar da kalma ɗaya a rarrabe. Gida, ya ce. Na ce gidan haya na shekara? Ya girgiza kai. Na ce fili da gini? Ya lumshe ido. Sannan ya tsaya yana kallona, kallon da ya daɗe har na kawar da kai. Babanku jikinsa ne ya shanye, hankalinsa na nan garau, kuma ya san ni.

Ranar Asabar bayan la'asar suka taru a falo. Saratu da Markus a tabarma ta wajen ƙofa. Yaya a kujera, mutumin Kanon a gefensa, wani siriri mai yawan fara'a da jaka a cinya. Na jingina babanku da matasai a jikin bango, na zauna ta damarsa da tsumman goge masa baki. Hadari ya haɗu, iska ta tsaya, zufa na bin kowa. Aka buɗe akwatin. Mutumin Kanon ya ɗauki sulen ya ɗaga shi wajen taga, ya taɓe baki, ya ce irin wannan roba yanzu ana yin ta jabu, shi ba ya yarda sai ya ga ƙarfen a hannunsa. Ya zaro 'yar wuƙa daga jaka ya sa bakinta a gefen robar. Babanku ya yi wani irin gurnani da ban taɓa ji ba, ya yunƙuro har ya kusa kifewa. Na tare shi da kafaɗa.

"Malam ya ce a ajiye wuƙar nan," na ce. "In aka fasa, shaidar ta tafi."

Markus ya miƙa hannu ya karɓe sulen. Mutumin ya yi dariya ya ce gwaji ne kawai. Yaya bai kalle ni ba.

Na sa wa babanku gilashin ƙara girma a hannunsa na hagu, ina riƙe masa kuɗin ɗaya bayan ɗaya. Ya duba aninin, ya duba kobon, ya duba sisin, ya daɗe a kan sulen. Ya bi gefen kowace roba da babban yatsa yana neman tsaga, ya sa na karanto masa lambobin. Ba mai motsi a falon. Can ya ajiye gilashin a cinya, ya kalli Saratu, ya buɗe baki. Abin da ya fito, a kunnen kowa, ƙugi ne kawai. Sai duk suka juyo gare ni.

Na ga Yaya ya daina jan carbi. Na ga Saratu ta haɗa tafukanta a ƙirji kamar mai jiran sakamakon asibiti. Kalmar keke tana kan harshena, wallahi tana kai, na riga na shirya yadda zan jera ta. Abin da ya hana ni ba wa'azi ba ne, ba kuma jarumta ba. Kafaɗar babanku na jingine da tawa, ina jin numfashinsa. Mutumin nan ya rasa hannu, ya rasa ƙafa, ya rasa aikinsa. Abin da ya rage masa a duniya shi ne in ya faɗi magana a kan abin da ya sani, a yarda. Wannan kuma a bakina aka ajiye shi. In na canza, yana ji, yana gani, ba shi da halin cewa ƙarya ne, kuma da ni zai ci gaba da zama ina ba shi abinci a baki.

"Ya ce na gaske ne, duka huɗun, ba a taɓa su ba," na ce. "Ya ce kada ki sayar a nan. Kuɗinsu ya isa fili da gini. Ki nemi ɗan uwan nan naku da ya kai su aka tantance, shi zai san inda ake sayar da irinsu."

Saratu ta kalle ni kamar ba ta ji Hausar ba. Markus ya ce in maimaita, na maimaita.

"Ba haka ya ce ba," in ji Yaya, murya ƙasa-ƙasa. "Kalma ɗaya ya yi, ke kin yi goma. Mutumin da ba ya iya neman ruwa da bakinsa ne zai yi wa kaya kuɗi?"

Na ce, "Yaya, kalma ɗaya ya yi, gaskiya ne. Gida ya ce."

Sai babanku ya ɗaga hannunsa na hagu ya bugi bangon da yake jingine da shi. Ya sake bugu, ya sake, yana kallon Saratu, don ta gane abin da yake nufi. Wannan bugun bangon shi ne abin da dangi suka ɗauka suka yi ta yawo da shi, wai Isiyaku ya daki bangon surukinsa a gaban baƙi don ya nuna masa bai ɗauki gidansa a bakin komai ba. Ba haka ba ne. Bango ne kawai abin da hannunsa ke iya kaiwa.

Mutumin Kanon ya rufe jakarsa ya yi sallama. Yaya ya miƙe, ya gyara rigarsa, ya tsaya a bakin ƙofa yana neman takalminsa da ƙafa.

"Madalla," ya ce. "Tun da kun san darajar gida haka, sai ku nemi naku."

Ruwan ya sauko bayan tafiyarsu. Saratu ta so ta yi magana, na ce ta ɗaure kayanta ta tafi kafin hanya ta cika, kada kuma ta kwana da akwatin a gidanta. Da na dawo falo na sami babanku yana hawaye ta ido ɗaya. Na ɗauke gilashin daga cinyarsa na mayar gwangwani.

Mai gashi bai zo a makon da ya biyo ba, bai kuma sake zuwa ba. Na je gidan Yaya da sassafe, na durƙusa a ƙofar ɗakinsa na gaishe shi. Ya amsa kamar yadda ake amsa wa mai talla, ya ci gaba da sauraron rediyonsa. Matarsa, Yaya Lami, ta ja ni ɗakinta ta ce in yi haƙuri in zauna, fushi ne, ba zai kore mu ba. Wataƙila gaskiyarta ne. Amma ba a jima ba na ji ya sa gidan a kasuwa, don ba shi da wata mafita, kuma na san da na faɗi abin da ya so da bai kai ga haka ba. Ban jira mai saye ya zo ya same mu ba. Na samu ɗaki biyu a hanyar Gubi, inda haya ke da sauƙi, ba wuta, ruwa sai an je rijiya. A bayan a-kori-kura muka kai babanku, a kan katifa, ina riƙe da kansa saboda ramuka. Ku kuna ta murna za ku ga dam ɗin Gubi.

Don a ci gaba da magani, gwangwanayen babanku suka fara tafiya ɗaya bayan ɗaya. Shi yake zaɓar wanda za a fitar, ya faɗa min kuɗinsa, in je in tsaya a kai. Tarin da ya yi rabin rayuwarsa yana yi bai kai mu ko'ina ba, don nasa na kashewa ne, sun sha hannu. Na samu wani mai gashin, amma ba kullum ba, kuma nisa ya yi yawa. Babanku bai sake takawa ba har ya koma ga Allah. Ko da an ci gaba da na farkon zai taka? Na tambayi likita, ya ce ba wanda zai iya cewa. Na so ya ce a'a.

Saratu ta bi shawarar. Abin ya ɗauki lokaci, amma an sayar, ta sayi fili a Yelwa ta yi ɗakunanta. Ta zo har Gubi da doya da zakara, ta durƙusa tana kuka tana godiya. Zan gaya muku gaskiya, ranar ban iya yi mata fara'ar kirki ba. Ina kallonta ina kallon ƙafar babanku. Ita ba ta yi min laifin komai ba, haƙƙinta ne, amma zuciya ba ta san wannan lissafin ba. Sai daga baya na saki, don matar ba ta daina zuwa ba. Kayan makarantar da kuka sa a shekarun nan, yawancinsu ita ta ɗinka, ba ta taɓa yarda na biya ba.

Da zancen bugun bango ya dawo kunnena, na ɗauki mayafi zan je in faɗa wa dangi cewa ni ce na yi magana, ba shi ba. Babanku ya riƙe bakin mayafin da hannunsa mai lafiya. Ya daɗe yana kokawa da harshensa kafin na gane. Cewa yake in bar su. In laifin na suruki ne, wata rana zan iya komawa gidanmu. In nawa ne, ƙofar ta rufe. Na zauna na cire mayafin. Shi ya sa kuka ji ni shiru duk shekarun nan, umarninsa nake bi.

Yaya bai sake tsayawa da ƙafarsa a kasuwa kamar da ba. Ya koma ƙaramar rumfa, yana auna masara da mudu. Duk sallah ina zuwa gaishe shi, yana amsawa, ba ya ƙarawa. Da babanku ya rasu ya zo jana'iza, ya tsaya a sahun baya, bai shigo ciki ba. Ban riƙe shi da wannan ba. Ya roƙe ni abu sau ɗaya a rayuwarsa, a ranar da ya fi kowace rana buƙata, na hana shi a gaban baƙi. Na san abin da na yi masa, kamar yadda na san ba zan iya yin wani abin ba.

Rasuwar Yaya a bakin wata maƙwabciya na ji, ba a aiko min ba. Na shiga keke napep na tafi cikin gari. Tsakar gidan cike da mata, ina shiga aka yi tsit, wasu suka sunkuyar da kai, wata gwaggonmu ta juya min baya. Na tsaya da takalmina a hannu, ban san inda zan sa kaina ba, har na fara tunanin juyawa. Sai Yaya Lami ta ɗago daga cikin mayafinta ta gan ni. Ta matsa gefe a kan tabarmarta, ta dafa wurin.

"Zainabu, me kike yi a tsaye kamar baƙuwa?" ta ce. "Zo ki zauna a nan. Ke za a yi wa gaisuwa, ɗan uwanki ne."

Na ratsa matan na zauna kusa da ita. Mace ta farko da ta shigo bayan nan ta durƙusa a gabanmu, ta yi wa Yaya Lami ta'aziyya, sannan ta juyo gare ni ta ce ya haƙuri. Na buɗe baki in amsa, muryar ta ƙi fita. Yaya Lami ce ta amsa mata a madadina.